Kwarfar Ruwa a Indiya

Na riga Manu zuwa Indiya. Ina so a san wannan tun daga farko, domin a Yelwa yanzu akwai masu zaton shi ya kai ni.

Ranar da na sauka a garin da na yi karatun harhaɗa magunguna, can kudancin ƙasar, babu wanda ya tarbe ni sai zafi da direbobin keke napep. Na farkon da na hau ya yi ta zagaye da ni har na fara gane shaguna, ya sauke ni a bayan tashar da ya ɗauke ni, ya kuma tsaya jiran godiya. Dillalin gida ya nuna mini ɗaki mai taga, na biya, ya miƙo mini makullin wani ɗakin da iska ba ta san da zamansa ba. A kasuwa mutane sukan taɓa hannuna su duba yatsunsu. Na yi watanni ina cin shinkafa da wata miya mai ruwan ɗorawa, wadda takan gaisa da harshe cikin ladabi, sai ta isa ciki ta nuna halinta. Duk wannan ni kaɗai na sha shi. Da ƙyar na koyi garin, kuma ina alfahari da ƙyar ɗin.

Sai aka ce Manu yana tafe, zai karanta aikin jinya.

Manu ɗan kawuna ne, wato taubashina, Innata yake kira Gwaggo. Su mutanen bakin ruwa ne can wajen Wara, Sarkawa masu jirgi da taru. Ni ɗan akawun kotu ne, a cikin gari na tashi, kifi sai a kwano nake saninsa. Tun muna yara Manu yake ce mini Akawu, kuma dokar taubasantaka ba ta ba ni ikon fushi ba. Duk abin da ya faɗa maka, ko dai ka rama kana dariya, ko ka haɗiye kana dariya.

Na shirya zama jagoransa. Na tanadi nasihohi a kan 'yan damfara, da abinci, da kaɗaici. Ban samu damar amfani da ko ɗaya ba. Kafin wata ya ƙare, direbobin keke suna kiran sunansa daga tsallaken titi. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda ta shekara tana ce mini mai ɗakin sama, ta fara aiko masa da abinci a kwanon silba mai murfi. Ni na karanta tarihin ƙasar tun daga sarakunanta na dā har zuwan Turawa. Manu sunan kyanwar mai shago ya sani, kuma shi ake ba rangwame. Yana kwaɓa yarensu yadda ya ga dama, su yi ta dariya suna dafa shi. Ni da nake gyara jimla a raina kafin in furta ta, kan in buɗe baki an wuce wurin.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda abin ya taɓa ni shi ne waya. Inna takan kira ta wayar ƙanwata Hadiza, mu gaisa, ta tambayi karatu a taƙaice, sai ta ce, "Ina Manu? Shina cin abinci kuwa?"

Ana saura 'yan makonni Babbar Salla, Hadiza ta tsegunta mini cewa Inna ta sayi wani babban firam mai bakin zinariya, ta rataye shi a saman gadonta babu komai a ciki. Da muka yi waya Inna ta tabbatar.

Ta ce, "Almu, hotunanka duka awa na wanda anka kai ƙara. Aiko man da wanda kake dariya, in sa cikin gilashi kahin Salla."

Na ce to.

"In ba ka da shi, Manu shi aiko da nashi. Shi kullum haƙora waje."

Na ce ina da shi. Ba ni da shi. Firam ɗaya ne, a ɗakin uwata, a saman gadon da na yi rarrafe a kai, kuma na ƙudure a raina ɗan kawu ba zai shiga cikinsa ba.

Ya kamata in faɗi wani abu game da Inna a nan. Tana budurwa, wata ranar kasuwa, jirgin yayanta ya fara shan ruwa a tsakiyar kogi. Fasinjoji suka kama salati. Wani saurayin akawu mai farin kaftani ya cire sabuwar jar dararsa ya shiga kwarfar ruwa da ita, yana zubarwa waje. Dara ba ta ɗebo abin kirki ba, ta kuma lalace, amma shi Inna ta aura. Mun ji labarin nan har mun haddace shi. Ni a matsayin labarin soyayya na ajiye shi.

Ana haka makaranta ta shirya wa ɗaliban ƙasashen waje yawon yini guda zuwa wani katafaren filin wasanni da ke bayan gari. Na ji an ce a irin wuraren nan akwai na'urorin da ke ɗaukar mutum hoto yana tsakiyar nishaɗi. Na goge riga.

Zangon farko bas ne. Na zauna kusa da taga da littafina. Manu ya zauna kusa da direba, kafin mu fita daga cunkoson gari ya koya wa 'yan Sudan da 'yan Nepal wata waƙar jan taru, bas ɗin gaba ɗaya yana amshi da Hausar da ba ta da uwa ba ta da uba. Shafi guda na yi ta karantawa har muka isa.

Zango na biyu ƙofa. Wani mutum mai rigar ma'aikata ya ja ni gefe, ya ce ya ga alama ni mutum ne mai daraja lokaci, ya sayar mini da wani zare mai launi da ake ɗaurawa a hannu, wai mai shi ba ya bin layi. A layin farko mai gadi ya dubi zaren, ya dube ni, ya nuna mini baya da haɓarsa. Na waiga babu mai riga.

Manu ya ce, "Akawu, wanga zare na maganin mi ne? In na kambun baka ne, ya makara."

Na ce, "Ɗan kifi, kai dai ka riƙe bakinka kar a gane daga ruwa ka fito."

Muka yi dariya, kamar yadda doka ta tanada.

Zango na uku wani jirgin ƙasa ne da aka ɗora wa dogo a sama, mai hawa kamar zai je gaida gajimare sannan ya tuna ya bar wani abu a ƙasa. Na shiga da murmushina a shirye. Inda na bar shi ban sani ba. Da muka fito, ga hotuna a jere a allunan talabijin. Manu ya ɗaga hannu biyu yana dariya kamar an yi masa albishir. Kusa da shi akwai wani bawan Allah, ido a rufe, baki a buɗe, kamar tarwaɗar da aka ciro daga ƙugiya. Sai da na duba rigar na yarda ni ne.

Daga nan iyalai suka fara tare Manu suna son hoto da shi. Abin da ya sa nake ƙin kasuwa shi ne abin da ya mayar da shi tauraro. Kowa ya zo sai ya waiga ya nemi mai ɗauka, kuma kullum ni ne a kusa. Na zo Indiya neman digiri, na zo filin nan neman hoto guda, sai ga ni da wayoyin mutane ina cewa a matso.

Da azahar wata mata mai shara ta gan mu muna neman wurin salla, ta kai mu bayan wani shago mai inuwa, ta shimfiɗa mana kwali, ta tsaya nesa tana kore masu wucewa har muka sallame. Bayan salla muka zauna cin abinci. Ƙamshin soyayyen kifi ya taso daga wata rumfa, sai kawai na ga bakin ruwan Yelwa da hantsi, jirage suna sauke kaya, mata suna juya banda a kan waya, hayaƙi yana bin ruwa. Na sayi kifin. Ɗanɗanonsa kamar an soya katifa. Manu ya buɗe kwanon silbar da tsohuwar gidanmu ta ba shi, sai ga cokali biyu a ciki. Na ci, na ƙoshi, na gode mata a raina. Amma ban manta hannun wa ta damƙa kwanon ba.

Bayan cin abinci ne na lura da wani abu. A tsakiyar filin akwai kogin da aka gina da siminti, mai kwana-kwana da gangara da duwatsun ƙarya, ana sakin mutane a cikinsa a wasu jirage masu da'ira kamar tayar tirela. Duk lokacin da hanya ta nufi wajen, sai Manu ya ga wani abin sha'awa a wani gefen.

Na san dalili. Muna sakandare, wata ranar kasuwa, jirgin da ya ɗauko mutane da buhuna ya nutse da su a tafki. Manu yana ciki, shi da yayansa Sani. Manu ya fito. Tun daga lokacin ya bar taru ya kama boko da hannu biyu. Na san wannan. Amma na kuma karanta allon da ke bakin kogin, da Turanci mai kyau: ruwan bai kai ƙugu ba, jirgin ba ya kifewa, kuma an yi masa ƙofofi a ƙasa, duk ruwan da ya shiga da kansa yake fita. Yara ƙanana suna shiga suna fitowa suna tsalle. Ga kuma abin da na hango, wata gada ta dutse a ƙarshen gangara, inda fitilar hoto ke walƙawa. Jirgin yana isa wurin a hankali. Mutum yana da lokacin gyara wuyan riga.

Na ce, "Taso mu shiga wancan."

Ya ce, "Akawu, bari wanga. Mu koma jirgin nan mai hawa sama, in ga ko bakinka zai rufe wannan karon."

"Basarke na gudun ruwan famfo? Bari in kira Gwaggonka in shaida mata."

"Ruwa ba abin wasa ba ne."

"Nan duk abin da ka gani na wasa ne, shi muka biya. In kana tsoro ka riƙe mini takalmi, 'yan Nepal su ɗauke ka hoto."

Ya dube ni, ya dubi kogin, sannan ya yi dariya, domin taubashi ba ya da wata amsar. Ya shiga layi.

Na sayi gugguru a wani bokitin roba mai zane. Na riga na tsara hoton a kaina: ni a zaune cikin natsuwa, ruwa yana hauka a bayana, gugguru a cinya, murmushi a fuska. Idan Manu ya fito a gefe yana rintse ido, akwai almakashi a duniya.

Jirginmu ya haɗa mu da wani magidanci Ba'indiye mai tumbi, da matarsa, da tsohuwar uwarsa da ta naɗe cikin farin zane. Aka ɗaure mu da bel, aka sake mu. Da farko lafiya lau, jirgi yana juyi kamar faifai. A kwana ta biyu igiya ta dake mu, ruwa ya zubo ya rufe mana idon sawu. Matar ta yi ƙara tana dariya. Na waiga in tsokani Manu, sai na ga ba Manun da na sani ba ne. Dariyar ta tafi. Idonsa yana kan ruwan da ke ƙasan jirgi.

Kafin in yi magana ya fizge bokitina, ya watsar da gugguru a kogi, ya sunkuya iyakar inda bel ya bar shi, ya fara kwarfa. Ya ɗebo ya watsa, ya ɗebo ya watsa, da wani irin sauri mai tsari da ban taɓa gani a hannun mutum ba.

Yana cewa da Hausa, "Kowa shi zamna. Kar wanda ya miƙe. Baba, matso tsakiya, nauyinka ya yi gehe guda. Akawu, kwarfe."

Na ce, "Manu, wasa ne."

"Kwarfe, na ce."

"Akwai huda a ƙasan jirgin, ruwan yana..."

Daga baya na gane ba a kwantar wa ɗan masunta hankali da labarin cewa jirgi yana da huda. Ya ƙara sauri.

Tsohuwar nan ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, amma ta dubi fuskarsa ta fahimta. Ta cire takalminta na roba ta shiga kwarfa. Ɗanta ya fara da dariya yana kwaikwayonsu da tafin hannu, da igiya ta sake dukanmu sai dariyar ta ragu, kwarfar ta ƙaru. Matarsa ta bi sahu. Mutum huɗu suna yaƙi da ruwan da injin ke turowa kuma ƙofofi ke fitarwa. Ni kaɗai ne a jirgin nan na karanta allo.

Sai ga gadar dutse. Na gyara wuyan riga, na ɗaga haɓa, na dubi inda fitilar take, na yi murmushin da ban taɓa yin irinsa ba tun da na zo ƙasar. Fitila ta walƙa.

Na fito ina jiran sakamako. A lissafina yau dai Indiya za ta ga ƙauyanci ta yi masa dariya. An yi dariyar kuwa, jama'a sun taru a gaban allon hotuna, amma da tafi aka haɗa. Magidancin ya rungume Manu da jiƙaƙƙiyar rigarsa. Tsohuwar ta kama kansa da hannu biyu tana ta jero masa wasu kalmomi, ko ba a fassara ba an san albarka ce. Suka sayi hoton, suka sa aka tura masa a waya, aka kuma wanke masa na takarda.

Da mutane suka watse ya zauna a wani benci. Har lokacin bokitin yana hannunsa.

Ya ce, "Kowa ya hito?"

Na ce, "Kowa ya fito."

Na sayo masa shayi mai zafi, na zauna kusa da shi har ya ajiye bokitin. Ina kallonsa ina tunanin cewa wannan mutum ko tsoro ya tashi ji, sai ya ji irin wanda za a ƙara sonsa saboda shi. Ni da na ji nawa tsoron a jirgin nan mai hawa sama, tarwaɗa na zama.

Ya kurɓi shayi ya ce, "Akawu, Allah shi saka maka. Ka sayi gugguru, kihin Indiya sun yi Salla."

"Babu kifi a ciki."

"Shi ya sa ban yarda da kogin ba."

A bas, kan hanyar komawa, na karɓi hoton na duba da kyau. Na fito yadda na so, har ma fiye. Matsalar ita ce gwiwar hannun Manu ta ratsa ƙirjina, ruwan da ya watso ya yi baka a saman kaina, bokitin kuma yana daidai kunnena. Duk ta inda almakashi ya bi, sai ya tafi da wani sashe nawa. Ina cikin auna yadda zan yi, ya leƙo ta kafaɗata.

Ya ce, "Kar ka damu, na riga na tura ma Hadiza. Na ce ta gwada ma Gwaggo, ga Akawu shina dariya. Wallahi ka yi kyau ciki. Firam naka ne."

Da gaske yake. Na duba fuskarsa ko zan ga tsokana, babu. Taimakona ya yi.

Washegari da hantsi Inna ta kira. Ba ta tambayi karatu ba.

Ta ce, "Na ga hoto. Jirgin ga ruwa yaka sha?"

Na ce, "Inna, ba jirgin gaske ba ne. Wurin wasa ne, an yi shi don ruwan ya shiga. Da kansa yake fita, a rubuce yake a allo."

"Kai ka karanta."

"Na karanta."

"Manu ya karanta?"

"Bai karanta ba."

"Tsohuwar ga mai takalmi a hannu, ita ta karanta?"

"Inna, ko sun kwarfe ko ba su kwarfe ba, babu abin da zai faru."

Ta ce, "Ban tambaye ka abin da zai hwaru ba. Ɗan'uwanka na cikin ruwa da tsoro, ka san abin da ruwa ya yi mashi, kai kana kallon mai hoto. Ubanka ma akawu ne, Almu. Dara tai ba ta ɗebo komi ba. Amma ya cire ta."

Na fara bayani a kan injin da ƙofofi, sai na ji ta ce wa Hadiza ta karɓi wayarta kar kati ya ƙare.

Har yau ina nan a kan bakana, jirgin nan ba zai taɓa nutsewa ba, kuma duk wanda ya je zai ga allon. Na gama karatu da sakamakon da ya fi na Manu, wannan ma a rubuce yake. Na dawo gida, ina aiki a Yelwa, shi yana wani asibiti can ƙasa da mu, inda na ji marasa lafiya suna ƙin allurar kowa sai tasa.

Inna ta sa hoton a firam kafin Salla, kamar yadda ta yi alkawari, ba ta yanke kowa ba. Yana nan a saman gadonta. Kwanan baya na shiga gaishe ta na tarar da wata baƙuwa daga Shanga ta tsaya a gabansa tana kallo. Inna tana yi mata bayani, ga ɗan yayanta yana kwarfar ruwa a Indiya, ga wata tsohuwar kirki da ta taya shi, ga ɗanta da surukarta.

Baƙuwar ta sa yatsa a kan gilashi ta ce, "Wanga kyakkyawa mai dariya hwa?"

Ina tsaye a bakin ƙofa da takalmina a hannu. Inna ta dube ni, ta dubi hoton, ta sa gefen zanenta ta goge inda yatsan ya taɓa.

Ta ce, "Fasinja ne."

Ban san wanda ya kai wa Manu labari ba. Tun daga ranar dai bai sake ce mini Akawu ba.